“Saura Kaɗan”: Ranar da Aka Koma Duba Gida

A ƙasar Adar, gidaje da yawa da kuɗin wanda ba ya nan ake sayensu. Daga Madawa zuwa Buza har Keita, da wuya ka ratsa unguwa ba ka wuce gidan da mai shi ke Abijan, ko Legas, ko Duwala, ko Libiya ba. Da an kai amfanin gona rumbu, samari da magidanta sai su kama hanyar cirani, wasu su dawo da faɗuwar ruwa, wasu sai bayan shekaru. Abin da suka tara da gumi, jika bisa jika, shi suke aikowa a saya musu gida, ko a gyara na gado, ko a tayar da ɗaki don za a kawo amarya. Mai kuɗin bai ga gidan ba. Wakili gare shi a gari, kuma sau da yawa wakilin nan malamin makaranta ne, domin shi ya iya rubutu da lissafi, shi kuma ake kyautata wa zaton ba zai ci amana ba. Shi ya sa maganar nan ta shafe mu, malamai da iyaye, kai tsaye.

Ciniki irin wannan duba biyu gare shi. Na farko kowa ya iya. Ana zuwa da dillali da magini, a zagaya, a ƙwanƙwasa bango, a ɗaga kai a dubi azara, a leƙa bayan gida. Sai a ce gidan ya kai kaza, da sharaɗin a gyara kaza da kaza kafin a biya ciko. Mai gida ya amince, a ba da kafin alƙalami, a yi fatiha, a watse cikin raha. Ranar ba mai jin nauyin faɗin aibi, domin faɗin aibi cikin ciniki yake, kamar yadda ake buɗe bakin rago a kasuwa ba wanda ya yi fushi.

Duba na biyu shi ne mai wuya, wato ranar da aka koma ganin ko an yi gyaran. A nan nake ganin mutanen kirki, masu ido da hankali, suna sa hannu a kan abin da ba su gani ba. Kalmomin ranar kowa ya san su: “Saura kaɗan.” “Magini ya tafi biki, jibi zai dawo.” “An ma sayi simintin, ga shi can a zaure.” Kowace cikinsu tana iya zama gaskiya. Sai dai wanda ya aiko ka bango ya ce ka dubo masa, kuma buhun siminti a zaure bai taɓa tare ruwa ba.

Abin da ke sa a sa hannun ba jahilci ba ne. Kunya ce ta farko: mai sayarwa dattijo ne, ko suruki, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Na biyu gaggawa: an sa ranar biki, ko hayar da iyalin ke ciki ta ƙare, ko hadari ya fara haɗowa a gabas. Na uku shi kansa mai kuɗin, wanda ke bugo waya dare da rana yana son ya ji an ce gida ya zama nasa. Duk wanda ke wurin yana son a gama. Wanda bai da baki a zaman shi ne yaron da zai kwana ƙarƙashin rufin a watan Agusta.

Na taɓa zama wakilin wani ɗan kawuna da ke kasuwanci a Ajame, cikin Abijan. Gidan laka ne a Madawa, mai ɗaki uku da zaure. Mun duba shi a watan Fabrairu, muka yi sharaɗi huɗu: a canza azara biyu da gara ta ci a ɗakin tsakiya, a gyara tsagewar katangar gabas, a sa sababbin indararo, a sake murfin masai da ya dare. Aka ce ƙarshen Afrilu. Da muka koma tare da magini a farkon Mayu, indararo sun hau, murfin masai sabo ne. Katanga kuwa an shafe ta da sabon yaɓe, gwanin kyau, amma da magini ya ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar ƙwarya: an rufe tsagewar ne ba a tone ta an cike ba. Azara ba a taɓa su ba.

Mai gidan sa'an mahaifina ne. Da ya ga na ciro takarda, sai ya ce, “Mushe, ashe ba ka yarda da ni ba?”

Na ce, “Baba, da kuɗina ne da tuni mun gama. Kuɗin wanda ba ya nan ne, idona ya ara. Abin da na gani shi zan faɗa masa, kuma a gabanka zan rubuta.”

Ya yi shiru, sa'an nan ya faɗi abin da ke ƙasa. Kafin alƙalamin ya tafi ga hatsi da maganin mai ɗakinsa, azarar giginya kuma ta yi tsada. Ba shi da abin gyara sai an biya shi, mu kuma ba mu biya sai ya gyara. Magini ya ƙiyasta aikin da ya rage a kan jika 180. Muka ware jika 250 daga cikon muka damƙa wa limamin unguwa, muka biya dattijo sauran nan take. Muka rubuta cewa in 10 ga Yuni ta yi ba a gama ba, magini zai yi aikin daga kuɗin da ke hannun liman, abin da ya yi saura a ba dattijo. Aka karanta a fili da Hausa, shaidu suka sa hannu. Haka aka yi: magini ya yi aikin, dattijo ya karɓi canjinsa, har yau muna gaisawa.

Wannan dabara ba tawa ba ce. Duk inda ake cinikin gida da hankali za ka tarar da irinta. A Amurka, wanda zai sayi gida da rancen banki, bankin kan aiko da mai ƙiyasta daraja. Idan ya ga rufi na yoyo ko wayar lantarki a fili, sai ya rubuta cewa gidan ya kai kaza bisa sharaɗin a gyara. Daga baya ya dawo da wata takarda ta daban, mai lamba 1004D, wadda aikinta shi ne ta ce an kammala ko ba a kammala ba, tare da hotuna. In ba a kammala ba, rance ya tsaya, kuma kowace komawa sai an biya ladanta. In gyaran ba mai haɗari ba ne, kuma wani uzuri irin na sanyin hunturu ya hana yinsa, akan yarda a ƙulla cinikin amma a ajiye kuɗin da ya fi ƙimar aikin a hannun wani na uku. Liman ne kawai ba su da shi.

A nan gida ma dokar kwangilar gwamnati haka ta tsara. Ginin hukuma karɓa biyu gare shi: ta wucin gadi, da ta ƙarshe. A karɓar wucin gadi ake rubuta duk abin da bai kammala ba ko bai yi daidai ba, a ba ɗan kwangila wa'adi. Ana kuma riƙe wani ɓangare na kuɗinsa, wanda ƙa'idar ƙasashen UEMOA ta ce kada ya wuce kashi 5 cikin 100, har sai lokacin garanti ya cika, galibi shekara guda. Shekara guda a ƙasarmu ma'anarta damina guda cikakkiya, kuma wannan shi ne amfanin wa'adin.

Tun kafin banki da kwangila, malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin aibi a ciniki. Wanda ya sayi abu ya tarar da ɓoyayyen aibi yana da hakki a kan mai sayarwa. A kan gida musamman sun kasa aibin uku: ƙarami da ba ya rage daraja, matsakaici da ake mayar wa mai saye ƙimarsa, da babba da ake mayar da gidan saboda shi. Amma wanda ya ga aibin da idonsa, ya yarda, ya karɓa, ba shi da komawa. Wakili ya kamata ya riƙe wannan da kyau. Ranar duba na biyu, aibin ba ɓoyayye ba ne kuma; kun gan shi, kun ambace shi. In ka ce “ba komai” ka miƙa ciko, ka yafe hakkin da ba naka ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai wa'adi da kafa shaidu ta sauka. Gyaran da aka yi alkawari aka sa masa rana bashi ne. Wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba.

Abin da ya shafi gida ya shafi aji, kuma a nan hannunmu ya fi shiga. Kwamitocin kula da makaranta, da muka saba kira Kojes kafin a mayar da sunan CGDES, a jihar Tawa aka fara ƙarfafa su, lokacin da shirin Makaranta don Kowa na hukumar JICA ta Japan ya soma a 2004. Tun daga nan iyaye suka sami kujera a sha'anin makarantar ƴaƴansu. Idan an gina sabon aji ko an gyara tsoho, akan kira darakta da shugaban kwamiti su halarci karɓa. Sau da yawa ana kiransu ne don a cika taro, su kuma su ɗauka haka ne. Alhali su kaɗai ne a wurin da za su kwana a garin. Ɗan kwangila zai koma birni, injiniya zai wuce wani aikin, darakta ma ana iya canza masa wuri da hutu. Iyaye da ajin za su zauna.

Matsin da ke kan iyaye a ranar nan na gaske ne, ba na raina shi. Muddin ba a karɓi ajin ba, yara na cikin rumfar zana, kuma ba mu manta da gobarar makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai ba, a watan Afrilun 2021, inda yara kusan 20 suka rasu, da ta Maraɗi a watan Nuwamban shekarar, inda aka rasa aƙalla 25. Uban da ya ji waɗannan labarai zai so ɗansa ya shiga ajin bulo ko da ba tagogi. Yana da gaskiya. Abin da nake cewa shi ne, shiga aji daban, yafe gyara daban. Ana iya karɓar wucin gadi, yara su shiga, amma a nemi a rubuta a takardar karɓa: kwano kaza ba a ɗaure ba, daɓe na farfashewa a kusurwar yamma, ƙofa ba ta rufuwa, masai ba murfi. A nemi kwafi a ajiye a akwatin kwamiti, a kai wani ofishin magajin gari. Abin da ba a rubuta ranar ba, bayan wata shida cewa za a yi yara ne suka lalata.

Mu malamai mun fi kowa sanin wannan ƙa'ida, don kullum muna aiki da ita. Yaro ya kawo allo ya ce, “Mushe, na kusa gamawa.” Ba mu ce masa maƙaryaci, ba mu kuma ba shi makin abin da ke cikin kansa. Abin da ke kan allo muke dubawa, mu ce ya je ya ƙarasa ya dawo. Abin mamaki ne a ce mun iya wannan da yaro ɗan shekara takwas, amma gaban ɗan kwangila mai mota sai bakinmu ya mutu.

Ba kowane gyara ne ya isa a tsayar da ciniki a kansa ba, kuma wakilin da ya ɗauki komai da zafi ɗaya yakan ɓata tafiyar. Ni kashi uku nake yi musu. Akwai wanda rai ke ciki: azarar da gara ta ci, bangon da ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa, tushen da ruwa ya ƙwaƙule, murfin masai ko bakin rijiya, wayar lantarki a fili, kwanon da iskar farkon damina za ta yaye. Wannan ba a shiga da yara sai an gyara, ko da kuwa an sa ranar biki. Akwai wanda ke jawo wani: karyayyen indararo, yaɓen da ya zube, magudanar da ta toshe. Yau jika goma ne, bayan damina bango ne gaba ɗaya. Wannan ana iya shiga, amma a riƙe kuɗinsa a sa masa rana. Akwai kuma na ado: fenti, ƙyauren da ke ƙara, daɓen da bai yi sumul ba. Wannan a rage wani abu a farashi, ko a yafe don zumunci. In za a yi kara, nan ne wurinta.

Ƙasarmu ma tana da nata sharaɗin. Adar tudu ce da duwatsu da kwazazzabai. Ruwa in ya sauka ba ya tsayawa ya nutse, gudu yake yi da ƙarfi zuwa ƙorama. Wannan ruwan ne aikin raya karkara na Keita, da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, ya shafe shekaru yana tarewa da jeren duwatsu da madatsai, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a kai. Ruwan da ke cin gona shi ke cin gindin katanga. Hadarinmu kuma daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke fara gajiya. Saboda haka mai duba gida a nan ya fara da tambayar inda ruwan unguwa ke bi, sa'an nan ya zagaya gabas. Wa'adin gyara kuma kada a ce “in an samu hali” ko “bayan salla”. A sa rana da wata, kuma ranar ta riga Yuni nisa, don yaɓe na son rana ya bushe, magina kuma da ruwa ya sauka gona suke tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kansa duban yana da hanya. A koma da takardar sharaɗin farko, a bi ta ɗaya bayan ɗaya, kada a dogara da tuni. A tafi da maginin da ba shi ya yi aikin ba. A je da rana tsaka, ba da almuru ba. Sabon yaɓe a ƙwanƙwasa shi. Azara a soka mata basilla, in ta shige kamar cikin tuwo an san sauran. Rufi a hau a zuba bokitin ruwa biyu-uku a ga inda ya bi. Inda aka yi aikin siminti a kankare da ƙusa: masana'antar Malbaza na nan kusa da mu, amma buhu bai yi arha ba, kuma mai son rage kashewa yashi yake ƙarawa. A ɗauki hoto daga wurin da aka tsaya aka ɗauki na farko. Mai kuɗi kuma a kira shi ta WhatsApp ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji. In ya gani ya ce ya yafe, hakkinsa ne. Wakili dai ba shi da wannan ikon.

Kuɗin da za a riƙe ya ɗara ƙimar aikin, don farashin kaya ba ya jiran kowa, kuma don mai gyaran ya ga yana da abin karɓa in ya gama. Kada ya zauna hannun mai saye ko wakilinsa, kada a ce an danne. Liman, ko mai unguwa, ko wani dattijo da ɓangarorin biyu suka yarda da shi ya fi. A kuma rubuta abin da zai faru in ranar ta wuce, tun ana dariya da juna. Tun ran gini ran zane.

Na san akwai mai cewa wannan duk halin birni ne, mu nan da amana muka gaji zama, takarda kuwa tana kashe zumunci. Abin da na gani a garuruwanmu akasin haka ne. Rigingimun gida da ke kaiwa gaban hakimi ko alƙali, akasarinsu daga “ai ka ce” da “ban ce ba” suke farawa. Ɗan cirani ya dawo bayan shekara biyu ya tarar ɗaki ya zube, ya tuhumi wakili, wakili ya tuhumi mai sayarwa, gida uku su daina gaisawa, har ƴaƴansu su gada. Nauyin minti goma da aka guje wa ranar duba shi ke zama gabar shekara goma. Mai sayarwa na kirki ma takardar kariya ce gare shi, don ta iyakance abin da ake binsa. Bayan ita ba mai zuwa ya ɗora masa tsagewar da ba tasa ba.

Bayan duba na biyu akwai na uku, wanda ba a gayyata kuma ba ya jin kunyar kowa, wato damina. Ta 2024 ta nuna mana haka: mutane sama da 300 suka rasu a faɗin Nijar, da yawa a ƙarƙashin gidajen da suka rufta, tsohon masallacin Zinder na laka ya faɗi a farkon Satumba, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Ruwa irin wannan yakan kayar da ginin da ba shi da aibi ko ɗaya, wannan ƙaddara ce. Amma azarar da muka gani, muka ambata, muka sa wa rana, sa'an nan muka ce “ba komai”, wannan da hannunmu a ciki. Duk wanda aka aika duba gida ko aji bana, ya je da takarda da alƙalami, ya rubuta abin da ya gani, ya karanta a gaban kowa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana ƴaƴanmu a gida da makaranta.